Ramuwa Ma Da Dokarta: Abin Da Muka Gano A Darna Sabon Gari

A watan Afrilun 2024 ƙafa ta kai mu arewacin jihar Sakkwato, dab da iyakar Nijeriya da Nijar. Mun tafi ne da niyyar kawo muku labarin kasuwar dabbobi ta Illela da buhunan albasa, sai ga shi mun dawo da labarin yaƙi. Kada hankalinku ya tashi, a cikin waya ake wannan yaƙin, ko jinin kaza ba a zubar ba. Amma ya kusa raba 'yan'uwan da suka tashi tare, kuma yadda suka shirya daga baya abu ne da ya kamata ku ji.

Daga Tashar Illela zuwa Darna

Mun bar birnin Shehu da sanyin safiyar Lahadi, 'yan kwanaki bayan ƙaramar Sallah ta 2024. Daga Tashar Illela motarmu ta miƙa arewa, ta haye gulbin Rima, ta ratsa Kware da Gwadabawa. Tafiyar kilomita 80 ce da ɗoriya. Tun kafin hantsi zafin Afrilu ya fara gasa mu. Gonakin gero sun bushe ƙayau suna jiran ruwan sama, sai a fadama ido ke cin karo da kore. Nan ka ga raƙumi da kaya, can ka ga amalanken shanu ya nufi inda muka nufa.

Lahadi ce ranar kasuwar Illela, kuma mun tarar da ita ta cika ta batse. Shanu, raƙuma, raguna da awaki, ga masu canji riƙe da naira a hannu ɗaya, sefa a ɗayan. Fuskokin 'yan kasuwa a sake suke, domin ba a daɗe da buɗe boda ba. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Aka sake rufe ta a Agustan 2023, bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Yamai ranar 26 ga Yuli, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe.

Birnin Ƙonni na Nijar 'yan kilomitoci ne daga nan. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layin da ya raba garuruwan biyu, a yarjejeniyoyin da suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906. Amma layin bai raba harshe ba, bai raba auratayya ba. Da wuya ka sami gida a Illela da ba shi da dangi a ƙetare.

Daga bakin kasuwa 'yan kabu-kabu suka ɗauke mu zuwa Darna Sabon Gari, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Illela, 'yar'uwar su Darna Tsolawo da Kalmalo da Araba da Gidan Hamma. Mai masaukinmu malamin lissafi ne a wata sakandare. Bayan mun sha fura mun yi La'asar, ya ce, "Ku taso in kai ku inda ɗalibaina suka fi mayar da hankali fiye da ajina."

Rumfar caji

Rumfa ce ta kwano a gindin wata bishiyar dogon yaro. A saman kwanon faifan sola guda biyu, a cikinta wayoyi sun fi talatin jere a kan katako suna shan caji. Mai rumfar saurayi ne da yaran ke kira Yaya. A kan benci da tabarma kuwa samari bakwai ne, kowa ya duƙufa a kan waya, babu mai ɗaga kai. Sai da malaminsu ya yi gyaran murya suka zabura suka gaishe mu.

Wasan da suke yi sunansa Clash of Clans. Kamfanin Supercell na ƙasar Finland ne ya fito da shi a 2012, kuma ana buga shi ta intanet da mutanen duniya baki ɗaya. Wani ɗan aji biyar, siriri mai yawan murmushi, shi ya karɓi aikin yi mana bayani da Sakkwatancinsa mai daɗi.

"Malam, wanga shi na garina," in ji shi, ya miƙo mana wayar.

Ɗan ƙaramin gari ne kuwa. A tsakiya akwai babban gini da suke kira fada. Kewaye da ita rumbunan zinariya da na wani ruwa mai launin shuni da suka raɗa wa suna tsimi. Sai ganuwa, da igwa, da hasumiyar maharba, da tarkunan da aka binne ba a ganin su. Da zinariya da tsimi ake gini. In dukiya ta ƙare sai ka fita hari. Na'ura ce ke zaɓo maka garin wani, mai yiwuwa yana Indonesiya ko Turkiyya ko Barazil. Ana ba ka daƙiƙa 30 ka duba garin, sannan minti 3 na yaƙi. In ka rushe rabin garin ka sami tauraro ɗaya, in ka rushe fada ka sami wani, in ka share komai ka cika uku.

Matsalar ita ce, yadda kake fita hari haka ake kawo maka. Da zarar ka kashe waya ka shiga aji, ko ka kwanta barci, garinka ya zama abin farauta. Ka wayi gari ka tarar an yashe maka rumbu. A nan ne maganar ramuwa ke shigowa.

Dokokin ramuwa

Yaron ya buɗe mana wani shafi da ke ɗauke da sunayen duk waɗanda suka kawo masa hari. A gaban kowane suna akwai abin da aka kwasa, da maɓallin sake kallon yadda harin ya gudana, sai kuma wani maɓalli na ramuwa. Kamfanin yakan gyara dokokin wasan lokaci zuwa lokaci, amma ga waɗanda muka tarar ana bi a 2024, kuma a lokacin an yi shekaru a kansu.

Ta farko, wanda ya taɓa ka shi kaɗai za ka rama wa. Ba ƙanensa ba, ba abokinsa ba, ba ɗan ƙasarsu ba. In wani ɗan Indonesiya ya ci garinka, babu maɓallin da zai ba ka damar huce haushi a kan duk wani ɗan Indonesiya da ka gani.

Ta biyu, hari ɗaya ramuwa ɗaya. In ka danna maɓallin ka saki mayaƙanka, ko ka ci ko an ci ka, damar ta tafi ke nan.

Ta uku, ba a dukan wanda ke ƙasa. Duk garin da aka yi wa ɓarna mai yawa ana ba shi garkuwa, wato lokacin da babu mai iya taɓa shi. In an rushe kashi 30 cikin 100 garkuwar awa 12 ce, in kashi 60 ne awa 14, in ya kai kashi 90 awa 16. Ko da wanda ya cuce ka ne, in yana cikin garkuwa, ko kuma yana riƙe da wayarsa yana cikin wasan a lokacin, dole ka jira.

Ta huɗu, kai ma ba ka cin tudu biyu. In kana cikin garkuwa ka fita kai hari, za a zaftare maka awanni daga cikinta. Mai son ramuwa da gaggawa da kansa yake buɗe ƙofar garinsa.

Ta biyar ita ta fi ɗaukar hankalinmu: ba a rama ramuwa. In ka kai wa mutum hari ya rama, magana ta ƙare. Babu maɓallin da zai ba ka damar sake komawa kansa don ya rama.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ke kare masu ƙaramin ƙarfi. In babba ya afka wa garin da fadarsa ba ta kai tasa ba, ganimar da zai samu raguwa take yi. Wato cin zali ba ya biyan kuɗin sabulu.

Muka tambayi yaran dalilin da ya sa masu wasan suka ɗaure ramuwa da igiyoyi haka. Wani ƙarami a cikinsu, wanda suke kira Auta, ya ce, "In babu su, mai ƙarfi zai ta bugun mutum guda har ya goge wasan daga wayarshi. To in kowa ya goge, da wa za a yi?" Malaminsu ya dube mu, muka dube shi. Yaron ya faɗi abin da manya da yawa ba su gane ba.

Dabarar mai ramuwa

Sanin doka daban, iya yaƙi daban. Muna zaune sai ga sanarwa ta shigo wayar Auta: an kwashe masa tsimin da ya yi kwana uku yana tarawa. Nan take ido ya yi ja, yatsa ya nufi maɓallin ramuwa. Ɗan aji biyar ɗin ya riƙe masa hannu.

"Tsaya, ƙanena. Mi kag gani cikin garin nashi?"

Bai ga komai ba, domin bai duba ba. Ashe babbar fa'idar ramuwa a wannan wasa ita ce lokaci. A harin yau da kullum daƙiƙa 30 kawai gare ka. Amma wanda ya kawo maka hari, kana iya ziyartar garinsa ka zauna ka ƙare masa kallo son ranka. Ka ga inda ganuwarsa ke da rauni, ka ga inda ya jibge makaman harbo na sama, ka yi hasashen inda tarko yake. Sannan ka horar da mayaƙan da suka dace da wannan garin, ba waɗanda ka saba da su ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga abin da suka koya wa Auta a gabanmu. Da farko ka sake kallon harin da aka kawo maka, ka ga ta inda aka shigo, ka toshe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma in ba ka gyara ba gobe wani zai bi ta nan. Na biyu, ka yi lissafi: abin da ke cikin rumbunsa ya cancanci lokacin da za ka ɓata wajen haɗa mayaƙa? Na uku, ka auna ƙarfinsa. In ya fi ka nesa ba kusa ba, ramuwa ƙarin asara ce, ka ba shi dukiya jiya, yau kuma ka ba shi suna. Na huɗu, ka jira ranar da rumbunsa ya cika.

Da Auta ya leƙa, sai ya tarar da fadar mutumin ta fi tasa da hawa biyu, rumbunan kuma wayam, ya riga ya kashe abin da ya kwaso. Ya yi tsaki ya ajiye wayar. Yaya mai rumfa ya yi dariya ya ce, "Cikin goma da sunka ci ka, da wuya ukku su cancanci ramuwa. Saura ka bar su da halinsu, ka gyara ganuwarka."

Daren da runduna ta watse

A jikin ginshiƙin rumfar mun lura da wani kwali da aka kafe da ƙusa, an yi rubutu a kai da alƙalamin maka. Da muka tambaya sai wurin ya yi tsit. Ɗan aji biyar ɗin ya sunkuyar da kai, sannan ya ce shi zai ba da labarin, tunda shi ya jawo.

A cikin wasan 'yan wasa kan haɗu su kafa ƙungiya wadda ba ta wuce mutum 50. Su runduna suke ce mata. Tana da shugaba, da mataimaka, da dattawa, da sauran mabiya. Runduna kan kara da wata runduna: awa 23 na shiri, awa 24 na yaƙi, kowane mayaƙi yana da hari biyu, wadda ta fi tara taurari ita ta ci. Rundunarsu ta haɗa 'yan Darna da 'yan Illela da 'yan Ƙonni, su 32. Shi mataimaki ne. Akwai wani mataimakin a Ƙonni, ɗan gwaggonsa, wanda shi ma ƙanensa yana cikin rundunar.

A watan Agustan 2023 suka shiga wani yaƙi na mutum 15 da 15. Aka yi kankankan har awa ta ƙarshe. Kowa ya kai harinsa sai ƙaramin ɗan gwaggon nan na Ƙonni. Aka aika masa saƙo, shiru. Aka kira, ba ta shiga. Lokaci ya cika, aka cinye su da tauraro ɗaya tak.

"Raina ya ɓaci, Malam. Cikin daren nan na kore shi. Ban tambayi kowa ba."

Washegari da dare wayar yayan yaron ta kama. Ya ga an kori ƙanensa. Shi ma bai tambayi kowa ba, ya kori 'yan Darna biyar, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Namu ya ga haka, ya bi sauran 'yan Ƙonni ɗaya bayan ɗaya. Wancan ya ƙara. Wasu suka ga abin ya zama hauka suka fice da kansu. Shugaban rundunar, wani ɗalibi a Sakkwato, ya farka da asuba ya tarar da mutum tara.

Ku lura da wani abu, manyan gobe. Wasan ya kafa wa ramuwa doka tsakaninka da baƙon da ba ka taɓa gani ba. Amma bai hana mataimaki korar duk wanda ke ƙasa da shi ba, ko sau nawa ne, ko da dalili ko babu. A inda babu doka, can wutar ta kama.

Daga nan rigima ta koma WhatsApp. Saƙon murya ya bi saƙon murya, zagi ya tashi daga kan wasa ya koma kan iyaye. Wani ya tura wa wani, har ya isa kunnen gwaggo a Ƙonni da mahaifin yaron a Darna, wato wa da ƙanwa. Aka yi watanni ana gaisuwa sama-sama.

To me ya hana yaron kai hari? A farkon watan nan ne Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, cikin takunkumin da ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba bayan juyin mulki. A lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Nijeriya take zuwa, don haka garuruwa da dama suka shiga duhu. Wayar yaron ta mutu, ya yi yini biyu yana neman inda zai yi caji. Horon da aka nufi masu mulki a Yamai da shi ya sauka a kan wayar ɗan makaranta, daga nan ya gangaro har cikin zumuncin gida biyu.

Sai da aka buɗe boda, gwaggo ta zo gaisuwar Sallah da 'ya'yanta, sannan gaskiya ta fito. "Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige," in ji shi. Yaya mai rumfa ya zaunar da su a kan bencin nan da muke kai, aka nemi gafarar juna, aka rubuta abin da ke jikin kwalin:

1. Ba a korar kowa sai an ji ta bakinsa.
2. Ba a yanke hukunci a daren da aka sha kashi. Sai an kwana.
3. Laifi ɗaya horo ɗaya, a kan mai laifin kaɗai. Horon shi ne a ajiye shi a yaƙi na gaba.
4. In an yi horo magana ta mutu, ba a tone ta.
5. Makon jarrabawa babu yaƙi.

In kun duba da kyau, kusan dokokin maɓallin ramuwa ne suka kwafo suka ɗora wa kansu.

Abin da lissafi ya ce

A hanyarmu ta komawa masauki malamin lissafi ya ce abin da yaran suka gano da kansu, masana sun daɗe da gwada shi. Wajen 1980 wani malami a Jami'ar Michigan ta Amurka, Robert Axelrod, ya shirya wata gasa ta kwamfuta. Ku ɗauka 'yan kasuwa biyu ne da ke haɗuwa kowace Lahadi. A kowace haɗuwa kowannensu na iya cika alkawari ko ya yi ha'inci. In duka sun cika, duka sun ci riba. In ɗaya ya ha'inci wanda ya cika, mai ha'incin ya kwashi riba babba, ɗayan ya tashi a tutar babu. In duka suka yi ha'inci, ɗan abin da za su samu bai taka kara ya karya ba. Tambayar ita ce: in za a yi ta haɗuwa sau da yawa, wace dabara ce ta fi?

Masana 14 suka aiko da dabarunsu, wasu cike da wayo da tarko. Wadda ta ci ita ce mafi sauƙi, ta wani masani mai suna Anatol Rapoport: a haɗuwar farko ka cika alkawari, daga nan kuma ka yi wa mutum abin da ya yi maka a haɗuwar da ta wuce. Aka sake gasar da dabaru 62, kowa ya san wadda ta ci a baya, amma ta sake cinyewa. Axelrod ya tattara sakamakon a littafin da ya fitar a 1984.

Sirrinta huɗu ne. Ba ta fara cuta. In an cuce ta tana ramawa, don kada a mayar da ita saniyar tatsa. Ramuwarta sau ɗaya ce, da abokin hulɗa ya dawo hanya ta manta. Kuma halinta a fili yake, kowa ya san abin da zai tarar.

Sai dai tana da rauni guda, in ji malamin. In biyu masu wannan dabara suka haɗu, aka sami kuskure sau ɗaya, wani ya ga kamar an cuce shi alhali ba a yi niyya ba, to zai rama, wancan ya rama ramuwar, haka za su yi ta yi ba iyaka. Maganin da masu bincike suka samo daga baya shi ne a riƙa yafewa jefi-jefi ko da an ga kamar an yi laifi. "Wayar da ba ta da caji," in ji shi, "ita ce kuskuren. Doka ta ɗaya a kwalin can ita ce maganin."

Bayan an kashe waya

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasarmu. A wasan sharo na Fulani, wanda ya yi bulala ya san ranar da zai tsaya a rama, a gaban jama'a, manya na kallo, kuma ba a wuce abin da aka yi. A dambe, da hannu ko gwiwar abokin karawa ta taɓa ƙasa an yi kisa, ba a ƙara masa ko ɗaya. Kakanninmu sun san zuciya na son ramuwa, shi ya sa suka gina mata shinge.

Sun kuma san abin da ke faruwa in shingen ya faɗi. Yaran Darna ba a littafi suke karanta wannan ba. Gabashin Sakkwato ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga, kuma sau da yawa abin kan zama ramuwa a kan ramuwa: a kashe wasu a nan, a je can a huce a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A watan Oktoban 2021 an kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe gomman mutanen da suka fito neman abinci. Hausawa na cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Gaskiya ne, kuma mu gargaɗi muka ɗauke ta, ba kirari ba. In kowace ramuwa ta fi ta baya zafi, ina za a tsaya?

Akwai kuma bambancin da bai kamata ku manta ba. A cikin waya garin da aka rushe yana miƙewa da kansa da zarar mai shi ya dawo. A waje ba haka ba ne. Haƙorin da aka fasa a filin ƙwallo ba ya tsirowa, kalmar da aka tura a saƙon murya ba ta dawowa. Shi ya sa a rayuwa ba a bar wa wanda aka cuta ya yanke wa kansa hukunci ba. A makaranta akwai malamin horo, a unguwa akwai mai unguwa, a gari akwai hakimi da alƙali.

Sallama da Darna

Da safe kafin mu kama hanya mun sake bi ta rumfar caji. Babu kowa sai Yaya yana goge ƙurar faifan sola, yaran sun tafi taya iyayensu sharar gona, damina ta kusa. Ya ce rundunar ta koma mutum 26, kuma yaron Ƙonni da aka kora shi ne yanzu ke tsara wanda zai kai wa wane hari. Ranar da wutarsu ta ɗauke, yakan ari wayar maƙwabci ya sanar tun da wuri.

Ba mu ce ku bar littafi ku rungumi waya ba. Wasan nan yana cin data, yana cin lokaci, kuma yana da kayan da ake saye da kuɗi na gaske, don haka mai hankali yakan sa masa iyaka. Amma ko kuna yin sa ko ba ku yi, akwai ranar da wani zai taka ku, a aji ko a layin famfo ko a zauren WhatsApp. Kafin yatsa ya kai ga maɓalli, ku yi wa kanku tambayoyin da ke jikin kwalin Darna. Na ji ta bakinsa? Na kwana a kan maganar? Shi ne ya yi mini, ko ɗan'uwansa zan huce a kai? In na rama, a nan za ta tsaya?

Ku ma ku rubuto mana. Wace doka ce ke hana faɗa yin nisa a wasannin garinku, ko langa ce, ko dara, ko ƙwallon unguwa? Za mu kawo amsoshin da suka fi gamsar da mu a fitowa ta gaba. Sai mun ji daga gare ku.